Mizanin Sinadarin Mata a Cikin Jini

Akwai wani sinadari da Allah Ya halitta a jikin ɗan Adam, likitoci suna ce masa estirojin, wanda shi ke fito da nono, ya kuma tsara al'adar mata. A ƙasashe irin su Amurka, waɗanda aka haifa da halittar maza amma suke rayuwa a matsayin mata suna karɓarsa a hannun likita. Kuma ko da yake hukuncin wannan lamari yana wajen malaman fiƙihu, illar ƙetare haddi a magani ta shafi kowa. A shekarar 2017 ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Amurka ta ƙayyade musu mizaninsa tsakanin fikogiram 100 da 200 a kowace mililita ta jini, ana aunawa duk wata uku a shekarar farko, domin idan ya yi yawa jini kan daskare a jijiyar ƙafa, gudan ya zarce huhu.

To, a kasuwannin Magariya da Dungas, inda mai talla ke baza ƙwayoyi a faranti cikin rana, wa ke auna jinin wa? Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙwayar tazarar haihuwa mai haɗi biyu, wadda nau'in estirojin ɗinta ya fi daskarar da jini, har likitoci suka daina ba waɗancan masu rayuwa a matsayin mata shi. Ba ta dace da mai hawan jini ba, ko mai jegon da ba ta cika mako shida ba, balle mai sha don neman ƙirji. Wanda ƙafarsa ɗaya ta kumbura da zafi bayan shanta, namiji ne ko mace, a kai shi asibiti ran nan.