Karan Masallaci: Tsiron da Muka Baro a Gida

 

An saba jin mu a wannan dandali muna maganar rijiyoyin burtsatse da kuɗin makarantar marayu. Yau mun zo da maganar wani ɗan tsiro da tsawonsa bai cika wuce kamu ɗaya ba, kuma muna roƙon kada a raina ta.

Duk wanda ya tashi a Daura ko Sandamu ko Zango ko Baure ko Mai'aduwa ya san karan masallaci, ko da ya manta sunansa. Shi ne tsiron nan mai kauri, mai kusurwa huɗu, launinsa kore mai ratsin toka, ba ganyen kirki, ba ƙayar da ke soka. Iyayenmu mata kan ajiye shi a fasasshiyar tukunya a gindin katanga, masu maganin gargajiya kuma sun daɗe suna sa shi a maganin ciwon ciki. Ba mu zo tallar magani ba. Wannan fagen likitoci ne.

Abin da ya tayar mana da hankali shi ne, a gidajenmu na birni mun ga 'ya'yanmu suna sayen tsiron da ake kira kaktus da tsada, suna jera shi a taga. Asalin kaktus nahiyar Amurka ne, musamman busassun yankunan ƙasar Meziko. Namu ba danginsa ba ne, kama ce kawai. Dangin tumfafiya ne, shi ya sa 'ya'yansa ke fita da farin gashi iska ta kwashe su. Kuma ba a raina shi a duniyar ilimi ba. Masana suna kiransa Caralluma dalzielii, don tunawa da Dokta J. M. Dalziel, likitan da ya yi aiki a Arewa ya kuma wallafa littafin sunayen tsirrai da Hausa a 1916. Baƙo ya rubuta sunan ya adana, mu kuwa mun shafe tsakar gida da siminti, mun zubar da tsohuwar tukunya. A yaranmu goma, da wuya a sami ɗaya da zai nuna shi.

Hikimar da Allah Ya yi a jikinsa ta isa abin lura. Yana tara ruwa a cikin karansa, ƙofofin numfashinsa kuma a rufe suke da rana, sai dare ya yi sanyi su buɗe, don kada zafi ya ƙone ɗan abin da ya tara. Da wannan yake ratsa wata takwas na rani a ƙasar da damina ba ta cika wuce Yuni zuwa Satumba ba. Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 sun san darajar abin da ke rayuwa ba ruwa.

To, ga yadda ake rainonsa. A yanko reshe mai tsawon yatsa da wuƙa mai tsabta, a ajiye shi a inuwa kamar mako guda har bakin yankan ya bushe. Wanda ya yi garajen dasa shi ɗanye, ruɓewa zai yi. A nemi tukunyar ƙasa a huda gindinta, don ta fi roba shan iska. A cika ta da yashi da tsakuwa, da ɗan tsohon taki kaɗan. A kafa reshen, kada a binne shi da zurfi, a bar shi wani makon kafin a ba shi ruwa.

A nan ne akasarinmu muke kuskure, har da mu masu wannan jawabi, da muka kashe tukunya biyu saboda tsabar tausayi. Yawan ruwa ne ajalinsa. Kada a ba shi sai an tura yatsa an ji ƙasar ta bushe ƙaƙas, da hunturu kuma a ƙara ragewa. Idan gindinsa ya yi laushi ya yi baƙi, a yanke saman da ke da lafiya a sake farawa. 'Yan'uwanmu na Legas da Fatakwal su sa shi ƙarƙashin rumfa inda hantsi ke taɓa shi amma ruwan sama ba ya dukansa. In an ga farin ƙwaro mai kama da auduga a kusurwoyinsa, a goge da tsumma da ɗan ruwan sabulu.

Buƙatarmu ga wannan ƙungiya ita ce, duk wanda ya zo hawan Sallah ya koma da reshe ɗaya, daga tukunyar wata tsohuwa da izininta, ba ta hanyar tumɓuke na daji ba, domin na dajin ma noma da kiwo sun rage shi. Idan yaro ya tambaya, a gaya masa sunan da Hausa. Mun kawo rassa arba'in da suka riga suka bushe baki, suna kan tabarma a bakin ƙofa. Kowane gida ya ɗauki ɗaya.