Ciwon sukari ba na masu kuɗi kaɗai ba ne

Mai gari, liman, iyayena maza da mata, sannunku da haƙuri.

Mun kafa teburin awon sukari a likita, benci ya wuni babu kowa. Daga Magarya har Dungas magana ɗaya nake ji: wai ciwon Alhazan birni ne masu shan lemun kwalba, mu da ke kwana da tuwon gero ina ruwanmu. Wa ya gaya muku haka? Geron nan, da shinkafa, da rogo, in sun shiga ciki sukari suke komawa, haka Allah ya tsara. Akwai wata ƴar gaɓa a bayan tumbi mai fitar da insulin, shi ke shigar da sukarin cikin tsoka ya zama ƙarfi. In ya yi ƙaranci, ko jiki ya daina jin sa, sai sukari ya taru a jini. Ina maganar arziki a nan?

A wani ƙauye ta wajen iyaka na tarar da yaron da bai kai shekara 10 ba. Ya rame, ruwa ba ya isarsa, fitsari dare da rana, tururuwa na bin inda ya tsuguna. An ce mayu ne, an yi ta hayaƙi. Wane lemu yaron nan ya sha? Ubansa ko akuya bai da ita. Nashi ciwon sukari ne iri na farko, gaɓar ce ta daina fitar da insulin, allurar insulin kaɗai ke riƙe shi.

Iri na biyu shi ya fi yawa, na manya: gado, shekaru, ƙiba, yawan zama. Amma ramamme ma yana kama shi, na gaji da faɗi! Wani manomi mai ciwon ƙaya ta soke shi a gona, miki ya ƙi warkewa, sai a Damagaram aka yanke ƙafar. Shi ma cewa yake ciwon bai san talaka ba. Na mata masu ciki, ungozoma za ta yi muku bayani ranar awo. Ku kuma samarin fada, shayi zubi uku da sukari kamar kyauta, ina ganin ku.

Ɗigon jini ɗaya ne a yatsa, iyayena, ɗaya tak. Don Allah gobe da safe ku zo kafin ku karya kumallo, wanda ciwon ke danginsu ya zo a sahun gaba.