Shari'a ta hanya ta musamman: takardar umarnin biyan bashi

Ɗan uwa mai koyon karatu, yau zancenmu kan shari'a ne. Ka gyara zama, don abin ya shafi dukiyarka.

Ka san hanyar shari'a da aka saba. Mutum ya kai ƙara. Alƙali ya kira mai ƙara da wanda aka yi ƙara. Kowa ya faɗi nashi, shaidu su faɗi nasu, sannan a yanke hukunci. Wannan hanya takan ɗauki watanni.

Amma akwai matsalolin da doka ta ware ma hanya dabam. Ita ce ake kira shari'a ta hanya ta musamman. Ma'anarta ita ce: doka ta tsara ma wata matsala nata ƙa'idodi da nata kwanaki, ba irin na ƙarar kullum ba. Neman takardar haihuwa wurin alƙali, ga wanda ba a rubuta ba da aka haife shi, misali ne. Shari'ar gaggawa, wadda alƙali ke tsai da ɓarna kafin a duba tushen rigima, ita ma misali ce. Yau za mu duba guda ɗaya: umarnin biyan bashi.

Wannan doka ba ta Nijar kaɗai ba ce. Ta ƙungiyar OHADA ce, wadda aka kafa a shekara ta 1993, kuma ƙasashe 17 na Afirka ke cikinta, har da tamu. An yi dokar a 1998, an gyara ta a 2023, gyaran ya fara aiki a watan Fabrairu na 2024.

Ga misali. Wani ɗan kasuwa a Maraɗi ya ba ka buhunan hatsi bashi, na jika 200. Kun rubuta takarda, ka sa hannu. Ranar biya ta zo, ta wuce. Doka ta ba shi damar zuwa wurin shugaban kotu da takardunshi. Ba sai an kira ka ba. In alƙali ya ga bashin tabbatacce ne, an san yawan kuɗin, kuma lokacin biya ya yi, sai ya rubuta umarni ka biya.

Mai isar da takardun shari'a, wanda ake ce ma wisiye, shi zai kawo maka takardar. Dole a kawo ta cikin wata 3, in ba haka ba umarnin ya faɗi.

To, ɗan uwa, a nan ne za ka buɗe ido. Daga ranar da takardar ta shiga hannunka, kwana 10 gare ka. Da can kwana 15 ne, gyaran 2023 ya rage su. Cikin kwanakin nan, hanya biyu ce gabanka. In bashin gaskiya ne, ka biya. In ka riga ka biya, ko an ƙara kuɗin, ko ba ka san da bashin ba, ka shigar da ƙin yarda a kotun da ta ba da umarnin. Faɗa da baki a ƙofar gida bai isa ba. Ƙin yarda a rubuce ake yin shi, ta hannun wisiye.

In ka yi haka, alƙali zai kira ku duka biyu. Zai fara neman sulhu. In sulhu ya ƙi, sai a yi shari'a, mai bin bashi ya kawo hujjarshi, kai ma ka kawo taka.

In ka yi shiru kwanakin suka wuce, umarnin ya zama hukunci, ba ɗaukaka ƙara. Ana iya kama kayanka a sayar, ko da kana da gaskiya.

Saboda haka, kada ka cusa takardar kotu ƙarƙashin tabarma. Ka karanta ta ranar da ta zo. Ka duba sunanka, yawan kuɗin, da kwanan wata. In wani wuri ya shige maka duhu, ka je wurin malamin yaƙi da jahilci ko magatakardan kotu. In ka biya bashi, ka amshi takardar shaida, ka adana.

Ka ga amfanin karatu ke nan. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.