Me Ya Sa Wata Ba Ya Juya Mana Ƙeya?

 Wani dattijo makiyayi daga Umm Rakuba ya aiko mana da tambaya. Ya ce tun yana yaro yake kwana daji da shanu, amma tabon nan na fuskar farin wata bai taɓa sauyawa ba. Shin wata ba ya juyawa ne?

Yana juyawa, Baba. Ka tuna dillali a kasuwar dabbobi ta Gadarif, yana zagaya bijimi yana duba shi. Ƙafarsa na tafiya, idonsa na kan bijimin. Kafin ya dawo inda ya fara, ya fuskanci gabas da arewa da yamma da kudu, wato ya juya sau ɗaya cif, amma bijimin bai ga ƙeyarsa ba. To, a yi mini afuwa, mu ne bijimin, wata ne dillalin. Kwana 27 da 'yan sa'o'i yake yi ya juya a kan kansa, haka ma ya zagaye duniya. Kwana 29 ko 30 da muke ƙirga azumi da su lissafi ne daban, daga tsayuwar wata zuwa tsayuwa.

Wa ya daidaita su haka? Masana sun ce da can wata ya fi haka saurin juyawa. Ƙarfin jan duniya ne ya yi ta taka masa birki, shekaru miliyoyi, har ya tsaya a wannan ma'auni.

Masu cewa bayan wata duhu ne dindindin kuwa, ba su faɗi daidai ba. A daren da muke cewa wata ya ɓata, can rana ce tsaka.

Ba wanda ya san kamannin wajen sai a Oktoban 1959, da kumbon Tarayyar Sobiyet, Luna 3, ya ɗauko hotonsa: ramuka da duwatsu birjik, tabon kuwa kaɗan. A Janairun 2019 China ta sauke na'ura a can, amma sai da ta fara ajiye wani tauraron ɗan'adam a gefe mai miƙo saƙo, domin jikin wata yana tare sigina. Ko shirin nan namu, Baba, ba ya kamawa a can.