Amosanin Gaɓɓai: Ya Lafa da Ciki, Ya Dawo da Jego



Yau maganarmu kan amosanin gaɓɓai ce, irin wanda ke kumbura yatsu da wuyan hannu, mace ta tashi da asuba hannu ya sandare, ko tuƙin tuwo ya gagara. Masu wannan ciwo da yawa in sun sami ciki sai ya lafa. Ana haihuwa, cikin 'yan watanni ya dawo, a ce ai sanyi ne ya shige ta don ta yi wasa da wankan jego. To, ba laifin wanka ba ne.

Tun 1938 wani likita a Amurka, Philip Hench, ya rubuta labarin wannan lafawa. Ga abin da aka gano daga baya. Cikin jininmu akwai ƙwayoyin garkuwa masu kama cuta, siffarsu kamar gwafa: rassa biyu na kamu, gindin kuma shi ke kiran sauran mayaƙan jiki. A gindin nan jiki kan liƙa 'yar sarƙar sukari, kamar jigida. A 1985 masana a Jami'ar Oxford ta Ingila suka ga cewa a jinin masu amosanin nan, jigidar takan rasa wani sukari da ake kira galaktos. Garkuwa mai irin wannan giɓi tana tafiya ne tare da kumburi. Lokacin goyon ciki galaktos ɗin yakan ƙaru, ciwo ya yi sauƙi. Bayan haihuwa ya koma yadda yake.

Kada wata ta ce bari ta ƙara sukari a koko! Wannan jiki ne ke haɗa abinsa, ba ruwansa da na shayi, ba kuma ciwon sukari ba ne.

Saboda haka, uwargida, in ciwo ya lafa da ciki, bai warke ba. Kada ki yanke zuwa asibiti. In kina shan methotrexate, ki gaya wa likita tun kafin ki ɗauki ciki, domin yana lahanta ɗan tayi, akwai wanda za a canza miki. In kuma yatsu sun fara kumbura bayan suna, kada a jira arba'in. Ki nemi izinin maigida a kai ki, don gaɓar da ta lalace ba ta komawa daidai.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.