Jawabin Yaye Matasan da Suka Koyi Kiwon Tumaki a Bilma

 



Dalilin wannan taro shi ne yaye samari da 'yan mata waɗanda suka kammala koyon kiwon tumaki, da gyaran jikinsu, da fitar da su filin gasa. Baƙon da bai san Bilma ba zai iya ɗaukar wannan a matsayin ƙaramin sha'ani, tunda da wuya a shiga gari a Nijar ba a iske rago ɗaure a turke ba, amma wanda ya san inda garin nan yake ya san cewa kiwo a nan ya sha bamban da kiwo a Maradi ko Damagaram. Bilma tana ƙasar Kawar, a bakin hamadar Tenere, fiye da kilomita 500 daga Agadas, ruwan saman da take samu a shekara bai kai milimita 20 ba, kuma babu makiyayar da za a saki garke da safe ya dawo da yamma a ƙoshe. Ruwan da garin yake rayuwa da shi daga ƙarƙashin ƙasa yake ɓullowa, shi yake shayar da dabino da lambuna, shi ne kuma yake taruwa a ramukan Kalala inda rana take ƙafar da shi ya bar gishiri.

Wannan gishiri shi ne tsohuwar alaƙar Bilma da dabbobin ƙasar nan. Tun ƙarnoni da suka shuɗe ayarin Abzinawa yake ƙetaro Tenere ta Fachi da kaka, ɗauke da gero, ya koma da dabino da kantu, wato gishirin da ake zubawa a mazubi ya daskare ya yi tsayi, kuma mafi yawan kantun nan dabbobi ne suke lasarsa a garkunan Damargu da ƙasar Hausa har zuwa Kano. Ke nan Bilma ta daɗe tana gyara jikin tumakin wasu, alhali ita kanta abin da take riƙewa a gidajenta bai wuce 'yan awaki da tumaki ƙalilan ba. Dalilin haka a fili yake ga duk wanda ya taɓa ganin tashin ayari: madugu ba ya barin Abzin sai ya ɗaure wa raƙumansa dammunan ciyawar da za su ci zuwa da dawowa, domin babu abin kiwo a hanya. Ƙasar da raƙumi yake zuwa cikinta da guzurinsa, ba a fara kiwon rago a cikinta da sayen rago, ana farawa ne da lissafin abincinsa.

Shi ya sa darasin farko kuma mafi nauyi a wannan horo ya kasance lissafi. Tunkiya tana cin busasshen abinci kimanin kashi 3 cikin 100 na nauyin jikinta a kowace rana, saboda haka ragon da ya kai kilo 40 yana buƙatar fiye da kilo 1 kullum, kuma kiwon turke, wato tsare dabba wuri guda ana kawo mata abinci har ta yi ƙiba, yakan ɗauki wata 3 zuwa 4. Idan aka haɗa, rago guda zai ci fiye da kilo 100 kafin ya isa kasuwa. A kudu wannan ba abin tayar da hankali ba ne, domin harawa da ƙaiƙayi da dusa da tunkuza suna nan a bakin ƙofa bayan girbi, amma a Kawar duk buhun dusar da ya iso ya biya kuɗin mota daga Agadas ko ya hau bayan raƙumi, kuma wannan kuɗi yana shiga cikin farashin ragon ko mai shi ya rubuta ko bai rubuta ba. Akwai kuma lissafin wata. Shekarar Musulunci tana gaza ta bature da kimanin kwana 11, don haka Layya tana zagaya yanayi, kuma a waɗannan shekaru tana faɗowa cikin tsananin zafi, watanni da yawa bayan girbin kudu, lokacin da abincin dabbobi ya fi tsada. Matashin da yake son ragon Layya dole ya tanadi abincinsa tun da kaka.

Abin da Bilma take da shi nata ne ya kamata ya zama gindin kiwon. Akwai ciyawar lambu da ake kira luzan, wadda ake shayarwa a ƙarƙashin dabino, a yanka ta sake tohowa sau da yawa a shekara, kuma tana da ƙarfin gina jiki. Akwai dabinon da bai kai na sayarwa ba, da ƙwallonsa idan an jiƙa ko an daka, akwai ragowar kayan lambu, sannan ga gishiri da kanwa waɗanda makiyayan wasu wurare suke saya da tsada. Sai dai kowane ɗaya daga cikinsu yana da haɗarinsa, kuma an koya wa waɗannan matasa shi dalla-dalla. Ɗanyar luzan, idan dabba mai yunwa ta cika ciki da ita, tana kawo kumburin ciki da kan kashe cikin 'yan sa'o'i, shi ya sa ake barinta ta sha iska kafin a bayar. Dabino mai yawa a lokaci guda yana tsamar da tumbi, dabba ta daina ci ta kama zawo. Dusa zalla ba tare da isasshiyar ciyawa da ruwa ba tana tara wa rago tsakuwa a mafitsara har fitsari ya tsaya masa, kuma abin da yake taimakawa wajen kare wannan shi ne ruwa a gabansa kullum da ɗan gishirin da zai sa shi yawan sha. Ita kuwa leda, wadda dabbar da aka saka a gari take haɗiya a juji, ba ta narkewa, takan zauna a ciki dabba ta yi ta ramewa ana zargin wata cuta daban.

Game da iri, Nijar ba ta da ƙaranci. Akwai Balami, fari tas mai girman jiki da gantsararren hanci da dogayen kunnuwa, akwai Uda mai launi biyu, gaba baƙi ko ja, baya fari, akwai Ara-ara ta Abzinawa wadda ta saba da tafiya da ƙarancin ciyawa, akwai kuma Kundum mai ulu a bakin kogin Kwara. Idon matashi yakan fara sauka a kan Balami, kuma ba a ga laifinsa ba, amma babban jiki babban ciki ne, kuma abin da ya dace da Dakoro a kudu ba lallai ya dace da Dirku a Kawar ba. Wata matsalar da ta fi shafar garuruwan da hamada ta kewaye ita ce barbarar dangi, inda rago guda yake hawan 'ya'yansa da jikokinsa har zuriya ta tsumbure, kuma hanyar kauce mata ita ce musayar raguna tsakanin Bilma da Dirku da sauran garuruwan Kawar, har ma da Fachi. Tunkiya tana ɗaukar ciki kimanin wata 5, saboda haka kuskuren da aka yi a zaɓen rago ba ya daɗewa kafin ya bayyana a garke.

Keɓewar da take tsadar da abinci ita ce kuma take kare dabbobin nan daga cututtuka, muddin ba a shigo da su ba. Mafi muni a cikinsu ita ce annobar ƙananan dabbobi da ma'aikata suke kira PPR, wadda aka fara bayyanawa a Kodebuwa a 1942, mai zuwa da zazzaɓi da majina da gyambon baki da zawo, wadda hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar lafiyar dabbobi ta duniya suka ƙudurta kawar da ita nan da 2030. Tana da rigakafi, kuma ƙasar nan tana da ɗakin binciken dabbobi na LABOCEL a Yamai wanda yake samar da alluran rigakafi. Ƙa'idar da aka ɗora matasan nan a kai ita ce duk dabbar da ta sauko daga mota a keɓe ta makonni kafin ta haɗu da na gida.

Sashe na biyu na horon, wato gyaran jiki, shi ne wanda mutane suka fi yi wa gurguwar fahimta, suna ɗauka kwalliya ce kawai. Wanke rago da sabulu, da taje gashinsa, da yanke masa kofato, hanya ce ta binciken lafiyarsa, domin hannun da yake wanka shi yake gano kaska da ƙwarƙwata da ƙazuwa da ƙurji tun suna ƙanana, kuma dabbar da take tsaye a turke kofatonta ba ya cinyewa da kansa, idan ba a yanke ba sai ya tanƙware ta fara ɗingishi. A nan ne kuma ake koyon buɗe baki a karanta shekaru: ɗan rago yana da haƙoran nono 8 a gaban muƙamuƙinsa na ƙasa, biyun tsakiya sukan sauya da manya tsakanin shekara 1 da shekara 1 da rabi, sauran su bi baya har bakin ya cika wajen shekara 4. Wanda ya iya wannan, dillali ba ya sayar masa da tsohon rago da sunan matashi. Malaman da suke wannan wuri sun san cewa fiƙihun Malikiyya ya riga kowace gasa kafa ma'auni, tunda ya ƙayyade shekarun dabbar layya, ya kuma hana mai ido ɗaya da gurguwa da marar lafiya da ramammiya.

Sashe na uku shi ne gasa, kuma a nan ne ake buƙatar hattara. Gasar dabbobi ba baƙuwa ba ce a jihar Agadas, domin a bikin makiyaya na Ingal da aka sani da Cure Salée, wanda ake yi a watan Satumba, ana fitar da dabbobi a gwada su a ba da kyauta. A Amurka ƙungiyar matasa ta 4-H ta fi shekara 100 tana koya wa yara kiwon dabba guda da rubuta lissafinta kafin su kai ta baje koli. A Senegal kuwa, ragon Ladum, wanda aka samar ta hanyar haɗa Tuwabir na Muritaniya da Bali-bali, ya zama abin alfahari har ana yi masa gasar talabijin mai suna Khar Bii, kuma farashin zakarunsa yana kaiwa miliyoyin sefa. Wannan na ƙarshe shi ne yake yawo a wayoyin matasa, shi ne kuma mafi ƙarancin amfani ga Kawar, domin kiwo ne na masu hali a birnin da abincin dabbobi yake a kanti. Idan gasar Bilma ta zama ta wanda ragonsa ya fi girma, to ɗan mai kuɗin da ya sayo ƙosasshen rago daga Agadas saura mako biyu shi zai riƙa lashe ta, kuma babu abin da garin zai ƙaru da shi. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a wannan fage bai kamata a bar wa ido hukunci shi kaɗai ba. Ya dace alƙalai su duba tsayuwar ƙafafu da faɗin ƙirji da cikar gadon baya da tsabtar fata, sannan su buɗe littafin matashin su ga nauyin dabbar ranar da ta shigo hannunsa da nauyinta a yau, da abin da ta ci, da nawa aka kashe, da ranar da aka yi mata rigakafi, su kuma tambaye shi ya amsa da bakinsa. Ragon da ya ƙara nauyi da luzan da ƙwallon dabino ya fi cancantar kyauta a kan wanda ya fi shi girma da dusar da aka ci bashi aka saya. Ya kamata kuma a ware wa tunkiya mai ɗa matsayinta a gasar, tunda rago wuƙa yake jira, tunkiya ce take barin garke.

Yabo na musamman ya tabbata ga iyaye mata, domin kiwon turke a ƙasar nan tun asali a hannunsu yake, kuma yawancin abin da aka koyar a wannan horo sun riga sun san shi a aikace ko da ba su rubuta ba. Shigar 'yan mata cikin waɗanda ake yayewa ci gaba ne da wannan gado.

Ana roƙon hukumomin gunduma da na gari su taimaka da rumbun abincin dabbobi wanda za a cika da kaka lokacin da farashi yake ƙasa, su kuma tabbatar allurar rigakafi tana isowa Kawar a cikin sanyinta. Ana roƙon masu lambu su ba matasan nan wurin shuka luzan a musayar takin da turke yake tarawa. Su kuwa waɗanda ake yayewa, ana kiransu da kowa ya fara da dabba ɗaya ko biyu gwargwadon abincin da ya tanada, kada ya sayar da tunkiyarsa ta farko, kuma ya zo gasar baɗi da littafin lissafinsa a hannu.

Allah Ya sa albarka a cikin abin da suka koya, Ya kare dabbobinsu, Ya ba ƙasar Kawar da Nijar baki ɗaya lafiya da zama lafiya.