Ƙungiyar masu wasan halbi a ƙauyukan Suwis

 

Hirar yau a kan wasan halbi take, da yadda mutanen ƙauye suke yin shi a ƙasar Suwis.

Suwis ƙaramar ƙasa ce ta Turai. Tana tsakanin Faransa da Jamus da Italiya da Ostiriya. Girmanta kusan ɗaya da jihar Maraɗi. Mutanenta wajen miliyan 9 ne. Ƙasar duwatsu ce, da shanu, da madara. Da wuya matafiyi ya ratsa gari uku bai ga filin halbi a bayan gari ba. Doka ta ɗora wa hukumar gari samar da filin. Ƙungiyar masu wasan halbi ita ke tafiyar da shi.

Su wa ke cikin ƙungiya? Mutanen gari ne kawai. Akwai manomi, akwai makiyayi, akwai malamin lakwal, akwai makaniki, akwai ma'aikaciyar asibiti. Abin ya daɗe. Tun shekarar 1824 masu halbi na ƙasar suka taru a garin Arau, suka kafa babbar ƙungiyarsu.

Ga dalilin da ya sa filayen suka yi yawa. A Suwis dole ne saurayi mai lafiya ya shiga soja. Yana yin watanni kaɗan a bariki, ya koma gida ya ci gaba da sana'arsa. Amma sunansa yana nan cikin soja har shekaru. Yana iya tafiya gida da bindigarsa. Kowace shekara kuma sai ya nuna hannunsa bai mance ba. A filin ƙungiyar garinsu yake nunawa.

Taron farkon shekara

Aikin ƙungiya yana farawa tun sanyi bai wuce ba. Membobi suna taruwa ɗaki guda. Ma'aji ya karanta kuɗin da suka shiga da waɗanda suka fita. Magatakarda ya karanta sunayen sababbin shiga. A yi shiru na ɗan lokaci don waɗanda suka rasu. A zaɓi shugabanni da ɗaga hannu. Daga nan a tsai da ranakun halbi na shekara duka.

Ranakun nan ba a ɓoye su. Ana buga su a takardar gari, ana liƙa su a bakin fili. Mai gona kusa da fili ya san ranar da ba zai shiga ba. Mai shanu ma ya sani. Maƙwabta sukan yi kuka da ƙarar bindiga, don haka doka ta ƙayyade yawan ranakun, musamman lahadi. Shugaban da ya ƙara rana da ka, zai ji daga hukuma.

In dusar ƙanƙara ta narke, sai a kira gayya. A share ɗaki, a yanke ciyawa, a gyara shinge. Babu wanda ake biya.

Yadda filin yake

Filin yana da kai biyu. A kai na farko akwai ɗaki mai tagogi a jere. Nan masu halbi suke kwanciya rub da ciki. A kai na biyu akwai allunan da ake halbi. Tsakaninsu mita 300 ne, wato kamar taki 400 na babban mutum. A tsakiyar allo akwai baƙin da'ira mai faɗin santimita 60. Ya fi faifai girma. Amma daga ɗakin halbi, ba ya wuce ƙwayar gero a ido.

Bayan allunan akwai tudu. Duk harsashin da ya huda allo, nan yake tsayawa. Babu mai halbi sama. Babu mai halbi gefe. Kafin a fara, ana tare hanyoyin da suka ratsa filin, a ɗaga wata jakar ƙyalle mai ja da fari a kan dogon ƙarfe. Ko yaro ya gan ta ya san ana halbi.

A da, akwai mutanen da suke ɓuya cikin rami ƙarƙashin allunan. Bayan an halba sai su ɗaga sanda mai faifai a kai, su nuna inda harsashi ya shiga. Yanzu a yawancin filaye na'ura ce ke nunawa. Maki yana fitowa a gaban mai halbi nan take. Gardama ta ragu.

Dokar fili

A nan ya kamata a kasa kunne sosai, don nan ne ƙarfin ƙungiyar yake.

Kowace ranar halbi akwai mai kula da fili. An ba shi horo, yana da takarda. Maganarsa ita ce ta ƙarshe, kamar alƙali a filin kokowa. In ya ce a tsaya, ko kanar ne a kwance sai ya ɗauke hannu.

Mai shigowa yana nuna mashi bindiga tun daga ƙofa. A duba babu harsashi ciki. A leƙa bututun, kada wani abu ya toshe shi. Ba a ɗura harsashi sai mutum ya kwanta a wurinsa, bakin bindiga yana duban allo. In ya gama, ba ya tashi sai mai kula ya sake dubawa. Kowa yana rufe kunnuwansa, har ƴan kallo, don ƙarar bindiga tana kashe ji, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa.

Akwai dokoki huɗu da ake koya wa kowane soja da kowane yaro mai koyo, har ya iya su da ka. Ta farko, kowace bindiga a ɗauke ta kamar akwai harsashi ciki, ko da mai ita ya rantse babu. Ta biyu, ba a nuna bakinta ga abin da ba a so a halba, ko da wasa. Ta uku, yatsa ba ya taɓa kunama sai an gama auna allo. Ta huɗu, sai mutum ya tabbata abin da zai halba.

Ta farkon ita ce uwa. Sau da yawa in tsautsayi ya faru, maganar da ake ji ɗaya ce: mai bindiga ya zaci babu komi ciki.

Harsasai kuma ƙirga su ake yi. Harsashin gwamnati da aka ba mutum a fili, a filin zai halba shi. Ba ya sa saura aljihu. Ƙungiya tana rubuta nawa ta karɓa, nawa aka halba, nawa suka rage, ta ba hukumar soja lissafi.

Manyan ranaku

Sojan da ke gida dole ya zo kafin ƙarshen watan Agusta. Harsashi 20 zai halba. Ana so ya samu maki 42 ko fiye, kuma kada ya kuskure allo fiye da sau uku. Wanda ya kasa, ya sake. Wanda bai zo ba, a kira shi wata rana dabam. In ya sake ƙi, a ci shi tara.

Ranar da jama'a suka fi so tana zuwa ƙarshen Mayu ko farkon Yuni. Ƙungiyoyin ƙasar duka suna yin gasa ɗaya cikin kwanaki ɗaya. Harsashi 18 kowa yake halbawa, ba a biyan ko dala. Mutum sama da 100,000 suke fitowa kowace shekara. Wanda ya yi ƙoƙari ana ba shi lambar ƙarfe ya liƙa a riga. Kaka da jika sukan kwanta kusa da juna, kuma ba kullum kakan ke ci ba.

Ƙungiya tana koyar da samari da ƴan mata daga shekara 15. Ba su biyan kuɗi. Kafin yaro ya halba harsashin farko, sai ya iya doka, ya iya kwance bindiga, ya iya goge ta. A birnin Zurik akwai bikin halbi na yara kowane watan Satumba. Shekaru aru-aru maza kaɗai ke shiga. A 1991 aka buɗe wa ƴan mata, kuma sun sha cinye gasar.

Wasan ba ya bukatar ƙarfin damtse. Natsuwa yake so, da riƙe numfashi, da haƙuri. Shi ya sa mata suke fice. A wasannin Olimfik na Tokyo, a 2021, Nina Christen ta Suwis ta ci zinariya a halbin mita 50. A na Paris, a 2024, wata ƴar Suwis ɗin, Chiara Leone, ta sake cin zinariya a wannan gasa.

Bindiga a cikin gida

Kada mai sauraro ya ce ashe mutanen Suwis sun gama da masifar bindiga. Ba su gama ba. A fili akwai mai kula, akwai ƙirga, akwai idon jama'a. A gida babu ko ɗaya. In rai ya ɓaci da dare, bindiga tana nan bayan ƙofa.

A watan Satumba na 2001 wani mutum ya shiga majalisar jihar Zug da bindigogi. Ya kashe mutum 14, ya kashe kansa. A 2006 wani hafsan soja ya halbe matarsa da ƙanenta da bindigar aikinsa. Matar shahararriyar ƴar wasa ce, ƙasar duka ta san ta. Hankalin mutane ya tashi ƙwarai. A da, kowane soja yana tafiya gida da gwangwanin harsasai a rufe. A 2007 majalisar ƙasa ta ce a daina, aka karɓe waɗanda ke gidaje. Daga 2010 kuma sojan da ba ya son bindiga a gidansa yana iya kai ta ma'ajin soja, a ajiye mashi kyauta.

Akwai wani abu da likitocin birnin Bern suka gano, suka buga a 2013. Wajen 2003 zuwa 2004 an rage yawan sojan ƙasar kusan rabi. Bindigogin da ke gidaje suka ragu. Bayan haka sai yawan samarin da ke kashe kansu ya ragu shi ma. Da yawa cikinsu, da ba su samu bindiga kusa ba, baƙin cikin ya wuce, suna nan da rai.

Har yanzu mutanen ƙasar suna jayayya. A 2011 aka yi ƙuri'a a kan a kwashe bindigogin soja duka daga gidaje. Masu cewa a'a suka yi rinjaye. A 2019 aka sake ƙuri'a a kan ƙara tsananta dokar mallakar bindiga. Wannan karo masu cewa i suka yi rinjaye, ko da yake babbar ƙungiyar masu halbi ba ta so ba.

Abu ɗaya ya kamata ya fita fili. Ƙungiyar wasan halbi ba ƙungiyar ƴan banga ba ce. Ba ta sintiri, ba ta bin ɓarawo, ba ta kama kowa. Wannan aikin ƴan sanda ne. Ranar da aka rufe fili, aikin bindiga ya ƙare.

A nan Nijar ma, riƙe bindiga sai da izinin hukuma. Farauta kuma sai da takarda, bisa dokar 29 ga Afrilu 1998. Mahalba na gargajiya suna da sarkinsu da ladabinsu, ba yau suka fara ba. Amma adaka ɗurarriya a jingine cikin ɗaki, inda yara ke shiga da fita, ta saɓa wa dokar farko. Halbi sama ranar salla ko ranar buki ya saɓa wa ta huɗu, don abin da ya hau sama sai ya sauko a kan wani. Wanda ke da bindiga da izini, ya sauke ta kafin ya shiga gida. Ya ajiye albarushi da harsashi wuri dabam, ya kulle.

Dalma a cikin ƙasa

Wata matsalar ta fito daga tudun da ke bayan allo. Cikin harsashi akwai dalma. Shekara da shekaru ana halbi cikin ƙasa, dalma tana taruwa. Dalma guba ce ga mutum da dabba. Tana shiga ciyawa, tana iya kai ga ruwa. Sai aka kewaye tuddan da shinge don kada shanu su yi kiwo a wurin. Gwamnati ta ce duk filin da ke son taimakonta wajen kwashe gurɓatacciyar ƙasa, ya daina halbi cikin ƙasa kafin ƙarshen 2020. Aka kafa akwatunan ƙarfe bayan allunan, su ke kama harsashi. Aikin ya ci kuɗi. Ƙananan ƙungiyoyi da yawa sun rufe filinsu, sun haɗe da na maƙwabta.

Ƙarshen shekara

In kaka ta yi, wajen Satumba ko Oktoba, ana yin gasar rufe fili. Bayanta a sa daren rabon kyauta. Membobi su zo da iyalansu, a ci abinci tare. Magatakarda ya karanta makin kowa, daga na farko har na ƙarshe. Kyautar ba ta da yawa: nama, ko cuku, ko ƙararrawar shanu da aka rubuta shekara a jikinta.

Da sanyi ba a zuwa filin mita 300. Masu so suna komawa cikin ɗaki, su yi halbin mita 10 da bindigar iska. Ma'aji kuwa yana zaune da littafinsa, yana haɗa lissafin harsasai da na kuɗi, don zai karanta su gaban jama'a a taro mai zuwa.